Baba Mai Mita, Faifanka Ya Tsaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, 14 ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran dattijon layinmu, wanda babba da yaro ke kira Baba Mai Mita. Tun ranar nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Baba, aikinka karanta mitar wutar lantarki gida-gida, aikin da ba a yi wa mai shi maraba. An sha rufe maka ƙofa, an sha jifan ka da baƙar magana, kai kuwa sai ka gyara tabarau ka yi murmushi. Wanda ya tsaya saurare ka koya masa: a cire karatun watan jiya daga na yau, abin da ya rage shi gida ya sha. Kai ka nuna mini cewa fanka mai wat ɗari, in ta yi awa goma tana juyawa, yunit ɗaya ta ci, dutsen guga kuwa cikin awa guda zai lashe hakan. Kana kiransa acici.

Amma ba lamba kaɗai kake karantawa ba. Kakan kalli faifan nan da ke juyawa cikin mita ka san gidan da aka yi baƙi, da gidan da aka yi tafiya. Mahaifiyata, Inna, ita kaɗai ce a gidanta, ta ƙi komawa wurin kowa. Kullum kana tsokanar ta wai mitarta ta fi ta tsufa, rarrafe kawai take yi. Ita kuma ta ce maka, “Ɗan sa ido, wuce ka ba ni wuri.”

Wata rana da hantsi ka ga faifanta yana gudu kamar an biyo shi, ƙofa kuma a rufe. Ka san Inna ba ta barin rishon lantarki a kunne haka. Ka yi sallama, shiru. Ka sa kafaɗa ka ɓalle ƙofar, ka same ta a ƙasa, ɓarin jikinta ya shanye, tukunya ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika ɗakin. Da ka rubuta lamba ka wuce, da yau ba ni da uwa. Da na zo godiya sai ka ce, “Ɗana, mita ce ta kira ni, ita za ka gode wa.”

Tun daga nan na kamu da ciwonka, ba na wuce mita ban kalle ta ba. Ranar Talatar nan na biyo ta ƙofarka. Na san tun rasuwar matarka kai kake dafa ruwan shayinka a butar lantarki, kuma a wannan lokacin faifanka gudu yake yi. Sai na gan shi yana jan ciki, cin fanka kaɗai. Na yi sallama, shiru. Ni ma na sa kafaɗa, amma ni ban same ka da rai ba. Kana kwance a kan gadonka, tabarau a gefe, fanka tana ta juyawa a kanka. Da hannuna na kashe ta, na fito na ga faifan ya tsaya cak.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarka tilo, da ƙanwarka, da abokan aikinka. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka.

An ce kwanan nan za a kawo sababbin mitoci da ake karantawa daga ofis, babu mai sake zuwa ƙofar kowa. Da na gaya wa Inna rasuwarka, sai ta share ido da hannunta mai lafiya, ta ce, “Allah Ya jiƙan ɗan sa ido. To yanzu wa zai riƙa leƙa tawa?”