Hajiya Atika, Wadda Ta Tsaya Wa Matan Masussuka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, ina kan keken ɗinki a kasuwar Boɗinga, Naziru ya kira ni ya shaida mini cewa Allah Ya yi wa mahaifiyarsa, Hajiya Atika Na'Allah, rasuwa a wani asibiti a Sakkwato, bayan gajeriyar jinya. Na ɗaga ƙafata daga keke, na rufe rumfa. Bayan la'asar muka sallace ta, muka kai ta makwancinta.

Hajiya, a kwamitin tsara filaye na gari na san ki. Ni ina wakiltar masu sana'ar hannu, ke kuma, tsohuwar malamar firamare haifaffiyar Horo Birni, ke kaɗai ce mace a cikinmu. Ranar da kika fara zama, wasu sun ɗauka an kawo ki ne don cika kujera. Ba a tashi zaman ba sai da suka sake tunani.

Abin da mutanen gari ba za su manta ba shi ne maganar masussuka. Gari yana ta faɗaɗa, gonaki suna komawa fuloti, sai wani ɗan kasuwa ya nemi filin da mata suke sussukar gero a bakin gari don ya gina jerin shaguna. A taswira, fili ne fayau, babu gini, babu shuka, babu mai shi. Kusan dukanmu mun amince, muka ce matan su koma wani ɗan sarari a tsakiyar unguwa. Sai kika ce ba za ki ɗaga hannu ba sai mun taka mun ga wurin da idonmu.

Lokacin kaka ne. Muka isa da manyan rigunanmu, muka tarar da mata da yawa, galibinsu zawarawa da tsofaffi, ga dammunan gero jibge, taɓare suna sauka cikin turame. Kika ja mu kika tsayar da mu daidai inda iska take kai ƙaiƙayi idan ana shiƙa. Ba a jima ba kowa ya fara susar wuya, shugabanmu har da tari.

Kika dube mu kika ce, "Ku da kunka yi ɗan tsayi kaɗan ke nan. In anka kai su cikin unguwa, ɗiyan wa za su kwana cikin wanga ƙaiƙayi? Kuma in maƙwabta sunka kore su, mi za su ci?"

Kika kira Balaraba, shugabar matan, ta gaya mana da bakinta cewa da wannan sussuka ta ciyar da marayunta har suka girma. A zama na gaba aka bar wa mata filinsu, aka kafa masa turakun siminti. Ba ki kuma bar ɗan kasuwar nan hannu rabbana ba. Ke kika nemo masa wani fili a bakin hanyar Shagari, kika je har gidansa kika rarrashe shi. Yau shagunansa suna can, ciniki yana tafiya, na kuma gan shi a sahun jana'izarki.

Haka kika yi da lungun unguwarku, wanda ko keke napep ba ya iya shiga. Bayan da aka ɗauko wata mai naƙuda a kan tabarma har bakin titi, kika kawo shawarar a faɗaɗa shi. Kowa ya yarda da baki, amma babu mai son a taɓa katangarsa. Sai aka wayi gari aka ga magina suna rushe katangar gidanki, har da rabin zauren marigayi mijinki, wanda kika sha faɗa mana cewa da hannunsa ya gina. An ce kin tsaya kina kallo kina share hawaye da gefen mayafi, amma ba ki ce su dakata ba. Bayan wannan, maƙwabta suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Ba kullum muke daidaitawa ba. Harshenki yana da kaifi, kuma ba kya jiran mutum ya gama magana idan kin ga ya karkace. Da aka zo batun mayar da teloli bayan kasuwa, na yi ta musu da ke, kika ce mini, "Malam Mustapha, rumfarka kaka karewa ko gari?" Na ji zafin maganar. Har yau ina ganin an nisanta mu da masu saye fiye da kima, na kuma faɗa miki haka. Ba ki janye ba, amma washegari kika aiko mini da ɗinkin sallar jikokinki gaba ɗaya, kika kuma yi ta turo mini ƙawayenki har sabuwar rumfa.

A zaman makoki, Balaraba ta zo da matan masussuka, suka zauna a tsakar gida. Da za su tafi, ta tsaya a bakin zaure ta ce da mu, "To, yanzu wa za ya yi muna magana?" Mun kai wannan tambaya gaban shugaban kwamiti, an kuma amince cewa mace ce za ta zauna a kujerarki. Wadda za ta zauna kam, aiki yana gabanta.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Atika, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanya Aljanna Firdausi ta zama gidanta. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanta, Naziru, Bahijja da Nana Fatima, da jikokinta, da 'yan uwanta na Horo Birni da Shagari, da ɗaukacin mutanen Boɗinga. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Mustapha Ɗantani Tela, Boɗinga