Firijin da Ke Jiran Ciyaman

Jiya na shiga sito neman tsintsiya, sai na tarar kaza ta yi ƙwai a bayan firijin Baba. Har yanzu ledarsa na jikinsa.

Baba muke ce masa, dattijon da ke kula da allurar rigakafi a ɗan asibitinmu na wajen Dandamisa. Ya gaji da ɗauko allura a babur daga Makarfi, ƙanƙara ta narke a hanya, a sallami mata da goyonsu. Shi kaɗai ya yi ta zarya har wata ƙungiya ta ba mu firiji mai aiki da hasken rana. Sai ogan asibitin ya ce ba mai kunna shi sai ciyaman ya zo ya ƙaddamar.

Kullum da safe Baba kan hau tsani, gwiwoyinsa na ƙara, ya goge farantin sola da gefen rigarsa. Wata rana ina riƙe masa tsanin na ce, "Baba, me ya kai ka goge abin da ko haɗawa ba a yi ba?"

Ya ce, "'Yata, rana ba ta jiran sa hannun kowa. Mu ne dai muke jira."

Ciyaman bai zo ba. Wanda ya gaje shi ma bai zo ba. Farantin ya cika da kashin tsuntsaye, yau ma mun sallami mata.

Allah Ya kai haske kabarinka, Baba, Ya sauke ka inda ba a jiran kowa. Mu muna nan inda ka bar mu.