Tsiron da Na Ɗora wa Matata Laifinsa

Ni ne na yi kuskure, kuma da bakina zan faɗa, ba sai wani ya faɗa a madadina ba. Wannan abu ba zai fita raina ba har in koma ga Mahaliccina. Masu cewa namiji ba ya tona irin wannan magana su yi ta faɗa. Na bi shawararsu a da, na ga inda ta kai ni.

Noman shinkafa nake yi a fadamar Zauro, gidana kuma yana Nasarawa cikin Birnin Kebbi. Wata shekara, lokacin dashe, na ga wasu ƙananan tsiro sun fito mini a al'aura, kamar an manna ƙwayar gero. Ba ciwo, ba ruwa. Na ce ruwan fadama ne, tun da cikinsa muke yini. Mu manoman bakin Rima, duk abin da ya fito wa mutum daga cibiya zuwa ƙasa, ruwa muke ɗora wa laifi.

Da suka ƙi tafiya, sai na je wurin wanzamin da ya yi wa 'ya'yana kaciya. Ya duba ya yi dariya. "Wanga ai ba komi ba na. Cije bakin rigarka." Ya sa aska ya yanke su, ya barbaɗa garin magani. Na sha azaba, na koma gida ina tafiya kamar agwagwa, na ce wa matata ƙaya na taka. Kafin shinkafa ta yi ciki, tsiron ya dawo, har ya fi na farko yawa.

Mai kemis na unguwarmu ne ya ce mini, "Irin wannan ta hanyar saduwa ake ɗauka, ka tafi asibiti." Rabin farko na maganarsa kawai na riƙe. Na shiga gida ina huci, na ce matata ta ɗauki mayafinta. Da kaina na kai ta Argungu, na tsaya a zauren mahaifinta, ga ƙannensa zaune, na ce, "Baba, ku tambayi ɗiyarku inda take zuwa in na tafi gona."

Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, tun ina yarinya nike wanke maka tufafin laka. Yau ni ka zo ka shafa wa ita? Allah na gani."

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, ina wannan magana ina sane da tarihina. Kafin aure na yi shekaru ina bin motar albasa daga Augie zuwa kudu, kuma na san abin da na aikata a garuruwan da muke kwana. Na tuba tun tuni, sai na ɗauka jiki ma ya manta.

Sai da wurin yankan ya fara ruwa na je asibiti. Likita ya ce ƙwayar cuta ce da ake kira HPV. Mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba, tana iya ɓoyewa shekaru kafin ta fito, kuma ba wanda zai iya nuna wanda ya fara kawo ta tsakanin miji da mata. Ya ce tsiron yana da magani, ko da yake yakan dawo, aska kuwa yaɗa shi take yi. Ya ƙara da cewa a kawo matata a duba bakin mahaifarta, don wani nau'in ƙwayar yana jawo wa mata ciwon daji.

"Ina take?" in ji shi.

"Tana gidansu. Na kore ta."

"A kan wace shaida?"

Na karɓi takardar magani na fita.

Yayana ya ce in aika biko da goro da turmin atamfa, a rufe zance. "Ba a hwaɗin wanga abu gaban surukai. Ka so a riƙa nuna ka cikin kasuwa?" Na ce masa, "Yaya, gaban mutane na ɓata ta. Atamfa ba ta wanke wannan. A nuna ni." Har yau a majalisarmu akwai masu kashe ido in na zo zama. Su kashe. Abin da na koya shi ne, kunyar zuwa asibiti ta sa na yarda aka yanka ni, kunyar tarihina ta sa na yanki wadda ba ta yi mini komai ba. Irin wannan kunya ba ni da sauran amfani da ita.

Na koma Argungu da kaina. Ba ta biyo ni ranar ba, sai bayan girbi, kuma gwajinta ya fito lafiya. Amma a ranar na roƙa aka tara duk waɗanda suka ji zargina, na durƙusa na ce:

"Baba, ƙarya na yi wa ɗiyarku. Ni ke da abin da za a tambaya, ba ita ba. Ke kuma, uwar 'ya'yana, na san halinki kuma na san nawa, duk da haka na zaɓi in ɓata naki. Ko kin dawo ko ba ki dawo ba, don Allah ki yafe mini."