Fatar Barewar Gidanmu

Kowane babban gida a tarihi yana da abin tinƙaho: wasu takobi, wasu littattafai. Namu fatar barewa ce, rataye a ɗakin marigayi mahaifina. An ce kakana ne ya harbo ta a dajin Safo, zamanin da Safo ke da daji.

Shekarun baya, ina koyarwa a lakwal a Madarunfa, ɗiyata ta ji na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta ce, "Baba, barewar nan irin dodon tatsuniya ce?"

Na gyara murya na yi mata darasi. Na gaya mata akwai wata jar barewa ta hamada da masana suka rubuta cewa ta ƙare, ba abin da ya rage sai 'yan fatu da aka saya a kasuwa. Daga baya ma suka koma gardama ko ta taɓa zama jinsi na daban.

"To ka gani," in ji ta, "su ma ba su gan ta ba."

Abin ya tsaya mini a rai. Ina son ta taɓa da hannunta, ta yarda ƙasar nan ta taɓa ɗaukar abin da ya fi jaki gudu. Ranar Lahadi na ɗora ta a moto, sai ƙauyenmu.

Na sauko da fatar, na kakkaɓe, ina nuna mata jan gashin baya. Mahaifiyata na zaune tana ɓarar gyaɗa.

"Kai mushe, malamin lakwal, wace barewa? Ta barewar ai gara ta cinye tun kana goye. Wannan jar akuyata ce. Babanka ya rataya don kada baƙi su ga ƙusa ba komi."

"Haba Inna! Shekara da shekaru ina ba yaran lakwal labarinta."

"Ka taɓa tambayata?"

Ɗiyata ba ta yi dariya ba. Shafa fatar kawai ta yi, ta miƙo mini.

Har yau ina koyar da karin maganar, yara na haddacewa, suna cin jarrabawa. Dabbar ta tafi, dajin ya bi ta, shaidar ma ta aro ce. Nan gaba ba mai jin an yi asara, tunda ba mai yarda an taɓa samu.

Akuyar kuma, in ji Inna, leda ta ci ta mutu.