Baba Sahabi da Sanyin Motar Inna

Da safen nan ina wanke mota aka kira ni: Baba Sahabi, mai gyaran AC na bakin tashar Tambuwal, ya rasu bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe tsaye da soso a hannu.

Kun san tsohuwar Marsandin mahaifina, wadda kuke min tsiya wai ta girme ni. Ta girme ni ɗin. Tun zamanin Jihar Arewa ya saye ta, yana akawu, daga baya aka liƙa mata na'urar sanyi. Bayan rasuwarsa mahaifiyata, Inna, ta kafe: in ba a motar nan ba, ba ta zuwa asibiti daga Kebbe, inda take zaune. Ga hawan jini, ga likita ya ce zafi na iya kayar da ita.

Sai AC ɗin ya fara wasa da ni. Yanzu sanyi kamar randa, an jima iska mai zafi. In na kai gareji ya yi lafiya lau, a ƙara gas, in dawo gida, gobe a koma gidan jiya. Ranar da Inna ta sume min a hanya na yi kuka kamar yaro.

Da na kai wa Baba Sahabi ita, ko bonet bai buɗe ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ciwon da ka zuwa shi koma ba a kama shi a tsaye. Yaushe za ka Kebbe? Da ni za a tahi."

Haka ya rufe shago ya shiga gaba. Ya ɗora tafin hannu a bakin iskar, ya lumshe ido, na ɗauka barci yake. A dawowa, da Inna a baya, hira ta ɓarke. Ashe ya san motar tun tana sabuwa, yana koyon aiki a garejin gwamnati. Suka shiga zancen lokacin samun 'yancin kai, 'yan tutocin da aka raba wa 'yan makaranta, da yadda mutanen ƙauye ke fitowa kallo in mota ta wuce. Gonakin gero na wucewa ta taga, ni kuwa ji nake kamar a wancan zamanin nake tuƙi, mahaifina na nan kusa.

Muna shiga gargada ya buɗe ido. "Tsaya nan. Ta ɗauke."

Wata 'yar waya ce mai kai wuta ga kwamfreso, wato injin sanyin, ta saki a bakinta. In inji ya yi zafi, hanya ta girgiza ta, sai ta rabu. A gindin wata tsamiya ya ɗaure ta, Inna na ta sa masa albarka.

Daga nan ya mai da shi al'ada, duk ranar asibiti sai ya bi mu, wai yana sauraren mota. Ni dai na san hirar yake so.

Ganinmu na ƙarshe ya rame sosai, bai iya tafiyar ba. Ya shafa bonet ya ce, "Ka gaishe min da Hajiya. Kak ka bari ta sha rana."

Yau ma ranar asibiti ce. Daga maƙabarta na wuce Kebbe. Inna ta shigo, ta dubi kujerar gaba, ta dube ni, ta gane. Muka kama hanya. Na kai hannu zan kashe AC ɗin, don na kasa jure shi.

Ta ce, "Bar shi shi yi ta hurawa. Ladan na isa gare shi."

Ya Allah ka gafarta wa Baba Sahabi, ka sanyaya makwancinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.