Doyar Kamarad Moutari

Duk ƙauyen Onklou ba mai ce masa Malam ko Baba, sai Kamarad Moutari. Sunan ya bi shi tun zamanin juyin-juya-hali, da aka ɗora shi kan koferatif, wato ƙungiyar haɗin gwiwar manoma, yana saurayi. Gwamnatin ta shuɗe, ɗakin taronsu ma awaki suka gaje shi, amma karatun da aka yi masa na nan daram: dillali kaska ne, jinin manomi yake sha.

Ga shi kuwa ƙanwarsa Hadjo, uwa ɗaya uba ɗaya, dillaliyar doya ce a kasuwar Arzèkè ta Parakou. Ya rantse doyarsa ba za ta shiga rumfarta ba. Ko goron salla ta aiko masa, sai ya yi ta jujjuya shi yana neman manufa.

Mutum ɗaya ya amince wa, Abdoulrahim direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mai zuwa sayen doyarsa duk kaka da cewa ƙungiyar ma'aikatan Djougou ce ta turo shi, daga gona sai tukunya, ba dillali a tsakani. Ya iya faɗin "Kamarad" har da ɗaga hannu, kuma ba ya neman ragi.

Rashin neman ragin nan shi ya tsaya wa Moutari a rai. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma mai zuwa Djougou, me zai sa motarsa ta miƙi hanyar Parakou? Bana da aka loda rabin doyar, washegari ya shiga motar haya ya bi sawu.

Manomi ba ya ɓatan doyarsa. Ga ta nan jibge a rumfar Hadjo, Abdoulrahim na gefe yana cin sakwara.

"Yaya, zauna ka sha ruwa," in ji ta.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da doyarka ta ruɓe a rumbu, matarka ta zo mini tana kuka."

"Ashe wawa kika mayar da ni."

"Yunwa na kora maka daga gida, Yaya. In laifi ne, na ɗauka."

Ruwan ma bai sha ba. Ya koma Onklou da ɗaci a zuciya, da kuma wani ɗan daɗi, tunda dai zarginsa ya tabbata. Sauran doyar ya ce sai ma'aikata na gaskiya sun zo. Ba su zo ba. Zafi ya shigo, wadda ba ta tsiro ba ta ruɓe, har maƙwabta suka fara toshe hanci.

Da damina ta kankama, wata rana ya tarar da buhun masara a ɗakin matarsa, bakinsa ɗinke da jan zare, irin ɗinkin da uwarsu ta koya wa Hadjo. Ya daɗe tsaye yana kallonsa, kunya ta rufe shi.

Da aka ajiye masa tuwo, mutumin da ke tuhumar goro bai tambayi inda masarar ta fito ba. Ya wanke hannu ya ci.