Fensirin Anti da Bikin Ƙanwata

Kakarmu ba ta je bikin ƙanwata ba. Ɓarin jikinta ya shanye tun kafin a sa rana, tana kwance a ƙauyen Adogi, alhali ita ta raini yarinyar tun tana goye. Ɗaukar bidiyo ce sana'ata a Lafia a farkon shekarun dubu biyu, don haka na cika baki na ce mata ta kwantar da hankalinta, bikin zai zo ya same ta har ɗaki.

Na ɗauka, na yanka, na jera komai. Saura kwamfuta ta haɗe shi ya hau faifai, aikin da ke cin kusan yini guda ba tsayawa. Wutar unguwarmu kuwa ba ta san yini ba. Sai aiki ya yi nisa, ɗif, a ɗauke, in koma farko. Ɗan janaretona da ya yi tari kwamfutar ke mutuwa. Ga saƙo kullum daga ƙauye, wai tsohuwa ta rage cin abinci, tana tambayar ina bikinta. Wallahi har takalmi na taɓa jifan kwamfutar nan da shi.

Wani abokin sana'a ya tura ni wurin wata mai gyaran kwamfuta a unguwar Bukan Sidi, kowa Anti yake ce mata. Shagonta ɗan tsukuku ne tsakanin mai niƙa da tela. 'Yar ƙabilar Migili ce, Hausarta ta kasuwa, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Ta buɗe akwatin, ta leƙa, ta ce furosesata, wato ƙwaƙwalwar injin, za ta iya gudu fiye da abin da aka rubuta a jikinta, don masu ƙerawa kan bar ɗan rara. Matsalar tana ga madabod, babban allon da komai ke zaune a kai.

"Ƙanina, yaron yana da ƙafa," in ji ta. "Uwan ne ya ɗaure shi."

Ta fito da alluna na hannu ta baje a benci. Ni da idon ƙyale-ƙyale na cafki wani ja mai sheƙi. Ta karɓa, ta nuna mini 'yan gwangwanayen da ke tsaye kusa da mazaunin furosesa, kawunansu sun kumbura kamar ƙosai. Ta ce wannan ya riga ya gaji, da an ƙara masa wuta zai fashe. Ta zaɓi wani kore mai muni, ta ce shi yana barin a juya gudu kaɗan-kaɗan, yana nuna zafi, ga kuma fili a gefe da babbar fanka za ta zauna. Na yi ƙunƙuni, ko kallona ba ta yi ba.

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai in girgiza kai. Ta aika wurin tela a aro mata fensir. Ta fere shi ya yi tsini, ta sa tabarau, ta ja wasu 'yan layuka a kan furosesar, ta haɗe ɗigo-ɗigon da masu ƙerawa suka yanke don a hana ta sauri, wai baƙin fensir yana ɗaukar wuta kamar waya. Hannunta ko motsi. Na ce Anti, da fensirin 'yan firamare za ki kashe mini sana'a? Ta ce in ina da hawan jini in fita in sayo mangwaro. Ta goge busasshen man da ke saman furosesar, ta zaunar da ita a koren allon, ta shafa sabo siriri, ta ɗora ƙaton ƙarfe mai fanka don sanyaya ta.

Daga nan sai haƙuri, abin da Allah bai ba ni da yawa ba. Takan ƙara gudu taki ɗaya, ta ɗora wa injin aiki mai nauyi, ta zauna tana kallon ma'aunin zafi, tana taɓa ƙarfen da bayan yatsa. In ya jure ta ƙara. Ga zafin bazara, gumi har gwiwa. A wani taki hoton da ke fuskar kwamfutar ya fara fitar da 'yan murabba'ai kore, nan take ta koma baya, har ta sauka ƙasa da inda ya tsaya lafiya. Raina ya ɓaci, na ce ta mayar, sauri nake nema, ai ɗazu yana tafiya.

Ta cire tabarau ta dube ni. "In shi ƙone, kaka zai ga me?"

Na bar ta ta rufe akwatin. Na sha ganin masu gyara da ke burge mutum da gaggawa, amma wadda ta san inda za ta tsaya, kuma ta tsaya ko ana yi mata tsawa, ita kaɗai na gani. Ina girmama matar nan ƙwarai.

Washegari da aka kawo wuta da hantsi na kunna. Kafin la'asar aiki ya kammala, faifai ya fito da ɗuminsa, ba a jima ba aka ɗauke wutar.

Na ɗaure talabijin da na'urar faifai da janareto a bayan babur sai Adogi. Na sami Kakarmu ta rame sosai, maganarta da kyar ake ganewa. Na jona waya zan kunna, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta hana ni. Gwaggona ta sunkuya ta saurara, sannan ta ɗago idonta cike da hawaye: wai ba a zuwa biki da zanen kwana. Dole na fita waje aka goge mata jiki, aka ciro atamfarta ta ƙasan akwati, aka kafa mata ɗankwali, aka jingine ta da bango.

Da amarya ta bayyana a talabijin, tana ƙofar coci, tsohuwar nan ta kama hanci ta rangaɗa guɗa da rabin bakin da ya rage mata. Muryar ta karye a tsakiya, ta ja numfashi, ta ƙarasa abarta.